Kashi 80 mahayi, kashi 20 babur: ina aka samo wannan lissafin?

Akwai wani musu da ya zauna da gindinsa a tsakanin matasa masu son babur a Wudil, tun daga rumfunan bakanike na bakin titin Maiduguri har teburan masu shayi na wajen ƙofar jami'a. Tun da Marc Márquez ya lashe kambun MotoGP na 2025 a kan Ducati abin ya ƙara zafi. Ɓangare ɗaya na cewa gwani gwani ne, ko Boxer ka ba shi sai ya bar kowa a baya. Ɗaya ɓangaren na cewa a bar zancen nan, Ducati ce ta yi aikin, kowa ka ɗora a kanta zai ci. In an gaji sai wani ya kawo raba gardama: ai masana sun auna, kashi 80 mahayi ne, kashi 20 babur. Sai kowa ya gyaɗa kai, a koma shan shayi.

To, ba wanda ya auna. Maganar ana yawan danganta ta da Jeremy Burgess, ɗan Ostareliya da ya shugabanci makanikan Mick Doohan sannan na Valentino Rossi. Mutum ne da ya san aikinsa, ba a musu, amma abin da ya faɗa ra'ayin mai gogewa ne, bai fito daga wani awo ba. Matsalata da wannan lissafi ba wai lambobin ne ba daidai ba, a ce da an mayar da su 60 da 40 shi ke nan. Tambayar ce kanta, yadda ake yin ta, ba ta da amsa. Da a ce a kan allon waya abin ya tsaya da ban damu ba. Amma yaron da ya yarda cewa kashi 80 na hannunsa, shi ne yake murɗa totur a kan gadar Wudil da taya mai sanƙo.

Kowa da shekarar da yake so

Masu cewa mahayi ne, hujjarsu mafi ƙarfi ita ce 2004, kuma lallai hujja ce. A 2003 Rossi ya ci gasa 9 a kan Honda ya ɗauki kambu. Yamaha a shekarar ba ta ci ko ɗaya ba. Sai ya tattara ya koma Yamaha, kuma a gasar farko, a Welkom ta Afirka ta Kudu a watan Afrilun 2004, ya zo na ɗaya. Ya gama kakar da nasara 9 da maki 304, abokin garejinsa Carlos Checa na da 117. Rabon Yamaha da wannan kambu tun 1992.

Abin da ba sa son a tuna musu shi ne Rossi bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da Burgess da akasarin makanikansa, kuma injiniyan Yamaha Masao Furusawa ya sake tsarin injin kafin kakar ta fara. Babur ɗin da ya ci Welkom ba shi ne wanda ya sha kashi a 2003 ba, suna kawai suka haɗa. Sannan ga 2011. Rossi ɗin dai, da Burgess ɗin dai, suka koma Ducati, suka yi shekara biyu ba nasara ko ɗaya. Sau uku kacal ya shiga ukun farko. In kashi 80 na jikin mahayi, ina ya ajiye nasa a waɗannan shekaru biyu?

Nan sai masu cewa babur ne su yi tsalle. Su ma su dakata. Wannan Ducati da ta gagari Rossi, Casey Stoner ya ci gasa uku da ita a ƙarshen 2010, watanni kaɗan kafin Rossi ya hau. A 2007 kuma Stoner ya ci gasa 10 da maki 367, alhali Loris Capirossi, a gareji ɗaya, a kan babur iri ɗaya, ya ci ɗaya ya ƙare na bakwai. A 2019 Márquez ya tara maki 420 a kan Honda, in ban da gasa ɗaya da ya faɗi a Amurka duk sauran ko na ɗaya ya zo ko na biyu. Abokin garejinsa Jorge Lorenzo, wanda sau uku yana zama zakaran MotoGP, maki 28 ya samu (gaskiya ya yi fama da rauni a shekarar, amma tun kafin raunin ma babur ɗin bai karɓe shi ba). Da Márquez ya karya hannu a Jerez a Yulin 2020, Honda ta gama kakar ba ta ci ko gasa ɗaya ba.

Sai kuma abin ya juya. Márquez ɗin nan a 2023 ya ƙare na 14 a kan Honda, a Jamus ya faɗi sau biyar a ƙarshen mako guda har ya janye. Ya koma ƙungiyar Gresini ya hau Ducati ta bara, ya ci gasa uku a 2024, shekarar da Ducati ta ci 19 cikin gasa 20. A 2025 ya ci 11 ya ɗauki kambu tun saura gasa biyar, alhali Francesco Bagnaia, zakaran 2022 da 2023, yana gefensa a gareji ɗaya yana fama, ya ƙare na biyar.

Ka ga kenan kowa na da shekarar da zai nuna. Wannan ba muhawara ba ce, tsince ne. Mu da ke aiki da alƙaluma mun san wannan cuta, domin ita ce ta fi kama mu: ka riga ka yanke hukunci, sannan ka shiga tarihi neman shaidu.

Iri ne ko gona?

Manomin da ke noman rani a bakin kogin Wudil ba zai yi wannan kuskuren ba. Ka same shi ya ɗaure buhu 30 na shinkafa, ka ce masa, “Baba, a cikin nan buhu nawa ne na iri, nawa ne na gona?” Dariya zai yi maka. Ba iri, ba buhu ko ɗaya. Ba gona, ba buhu ko ɗaya. Ba tara su aka yi ba balle a raba, ninka juna suka yi. Haka lokacin da mahayi ya yi a zagaye ɗaya: ba za ka iya yanka shi gida biyu ka ce wannan daƙiƙar ta mutum ce, wannan ta ƙarfe ba.

Akwai tambayar da take da amsa, amma daban take. Ka tara gonaki da yawa da iri da yawa, ka shuka kowane iri a kowace gona, sannan ka tambaya: bambancin da na gani tsakanin amfanin da aka samu, nawa ne ya biyo bambancin iri, nawa ya biyo bambancin gona? Wannan shi ne aikin da Ronald Fisher ya kafa wa ƙa'ida a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, kuma duk ɗalibin aikin gona da ya yi gwajin fili ya taɓa shi. Lura da kyau, ba amfanin gona ake rabawa ba, bambancin da ke tsakanin gonaki ake rabawa.

An yi irin wannan a tseren mota. A 2016 Andrew Bell da abokan aikinsa a Jami'ar Sheffield sun bi sakamakon Formula 1 daga 1950 zuwa 2014, suka samu cewa wajen kashi 85 na bambancin ya biyo ƙungiya, sauran ya biyo direba. Ina jin daga irin wannan ne mutane suka ɗauka cewa maganar 80 da 20 ma bincike ce, an dai juya ta ne don babur. Amma ko wannan 85 ɗin ba ya nufin cewa mota ce ta yi kashi 85 na tuƙin. Yana nufin direbobin da ke wurin duk zaɓaɓɓu ne, tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, motocin kuwa sun yi wa juna nisa.

Wato amsar tana canzawa da wanda ka tara a fili. Dubi Moto2, ajin da ke ƙasa da MotoGP: tun 2019 kowa injin Triumph mai cc 765 yake amfani da shi, taya ma kamfani ɗaya. Can bambanci zai fi bin mahayi, ba don mahayan Moto2 sun fi na MotoGP iyawa ba, sai don an matse bambancin babur da gangan. Yanzu dawo gida. Samari biyar, duk a kan Boxer, suka yi tsere. Tunda baburan kusan ɗaya ne, duk abin da aka gani za a ce hannu ne. Ka shigo da babur mai cc 600 ka ba wanda ya fi kowa tsoro a cikinsu, a miƙaƙƙen titi zai wuce su, sai a ce ashe inji ne. Mutanen ba su canza ba. Fili aka canza.

Kuma akwai abu na uku da Fisher ya ware masa gurbi, wanda masu musun ba su da suna gare shi: dacewa. Irin da ya fi kowa a fadama yana iya zama na baya a tudu. Stoner da Ducati sun dace, Rossi da Ducati ba su dace ba, ba tare da ɗaya ya zama ƙarya ba. Honda ta 2019 an yi ta gyara ta ne bisa salon mutum ɗaya mai iya ceto tayar gaba bayan ta fara zamewa, har ta zama doki mai ubangiji guda. Shi ya sa ma kwatanta mahayi da abokin garejinsa, wanda shi ne ma'auni mafi kyau da muke da shi, ba tsarkakakke ba ne.

Ko tseren samarin namu ma, abin da ake kira hannu ba duka hannu ba ne. Boxer na da nauyin kusan kilo 110. Mai kilo 55 ya hau, jimla 165. Mai kilo 85 ya hau, jimla 195. Inji ɗaya, amma na biyun na jan kaya da ya fi na farko da kashi 18 cikin ɗari, kuma wurin tashi za a ga haka ƙarara. Siririn yaron da ake cewa yana da baiwa, wani lokaci abincinsa ne bai kai na abokinsa ba. Masu shirya gasa sun san da wannan, shi ya sa a Moto2 da Moto3 ake auna babur da mahayi tare.

Gudun ƙarshe, da zancen salansa

Wani ɓangaren musun da ya fi ba ni haushi shi ne na “nawa yake tashi?” Kamar gudun ƙarshe ne ke cin gasa. A 2023 Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya kai kilomita 366.1 a sa'a a Mugello ta Italiya a kan KTM, wanda a lokacin ba a taɓa kaiwa ba a MotoGP. Bai ci gasar ba, kuma KTM ba ta ɗauki kambun shekarar ba. Ana cin gasa ne a wurin birki, da cikin kwana, da yadda ka fita daga kwanar.

Sannan gudu yana da tsada fiye da yadda ake zato. Ƙarfin da ake bukata don tsaga iska yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu sau gudu. Kana son ninka gudunka biyu, sai ka ninka ƙarfin inji takwas. Boxer mai cc 100 na da ƙarfin doki wajen 8. Babur ɗin MotoGP na da wajen 300, wato ya ninka ta fiye da sau 35, amma gudunsa wajen ninki huɗu ne kawai. To a ce bakanike ya huda maka salansa, ya taɓa kafireta, a ce ma da gaske ka samu ƙarin kashi 10 na ƙarfi, abin da da wuya. Gudunka na ƙarshe zai ƙaru da kusan kashi 3, wato daga 90 zuwa 93. Abin da ya ƙaru da gaske ƙara ce, kuma kunne yana yaudarar mutum ya ji kamar yana tashi sama. Maƙwabta ne suka san gaskiyar lamarin.

Wanda ba a gayyata musun ba

Mahayi da babur ake ta ambata, alhali dukansu biyu ta wuri ɗaya suke taɓa duniya: ɗan fili kamar tafin hannu inda taya ta haɗu da kwalta, gaba ɗaya, baya ɗaya. Duk ƙarfin inji, duk birki, duk gwaninta, ta nan suke bi.

Koma 2007. Stoner na kan tayar Bridgestone, Rossi na kan Michelin. Rossi ya matsa sai da aka ba shi Bridgestone a 2008, ya kuma karɓe kambun. Daga 2009 aka ce kowa ya yi amfani da kamfani ɗaya don a kashe wannan bambanci. A wane gida masu 80 da 20 za su saka wannan?

Lissafin kwana ba shi da wuya. Gudun da za ka iya shiga kwana da shi ba tare da ka zame ba ya dogara ne da abu biyu: faɗin kwanar, da yadda taya ta kama ƙasa. Masana kimiyyar lissafin motsi na ba wannan kamu lamba. Tayar tsere mai zafi a kan kwaltar da aka share tana wuce 1, shi ya sa kake ganin su Márquez sun kwanta digiri 60 har gwiwar hannu na shafar ƙasa. Taya mai kyau ta yau da kullum a busasshiyar kwalta, 0.7 zuwa 0.8, wato kwanciyar da ba ta kai digiri 40 ba. In yashi ya rufe kwaltar, lambar na iya faɗowa rabi.

Ɗauki kwanar da in an cika da'irarta, daga tsakiya zuwa baki mita 30 ne. Da kamu 0.8, iyakarka kilomita 55 a sa'a. Da 0.35, iyakarka 36. A cikin wannan lissafi babu ƙarfin inji, babu sunan kamfani, babu sunan mahayi. Gwani na iya kusantar iyakar fiye da ɗan koyo, yana iya jin ta tun kafin ya kai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ya matsar da ita. Kuma duk wanda ya san Wudil ya san tifofin da ke ɗebo yashi daga kogi suna tafe suna zubar da shi a gefen titi, daidai inda mai babur yake raɓewa in babbar mota ta matso shi.

Birki ma haka. Nisan tsayawa yana bin gudu sau gudu. A kilomita 40 a sa'a, da kamu 0.7 da birki biyu, mita 9 ya ishe ka. A 80, mita 36. Ƙara daƙiƙa ɗayan da ƙwaƙwalwa ke ɗauka kafin hannu ya motsa, wadda a 80 mita 22 ce, ka kusa 60 kenan. A kan yashi ka haura 90, kusan tsawon filin ƙwallo.

A nan ne gwaninta ta gaskiya take, kuma a nan ne ba a yin musu a kanta. In ka taka birki nauyi na komawa gaba, saboda haka tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Amma da yawa daga masu babur ɗinmu tsoron birkin gaba suke, wai yana kifar da mutum, har za ka ga wanda ya bar shi a sake ko igiyarsa ta tsinke bai damu ba. Mai taka na baya kaɗai yana bukatar kusan ninki biyu na nisan tsayawa. Mutum ya iya ɗaga tayar gaba ya yi mita 50 jama'a na ihu, amma bai taɓa koyon yadda ake matsa birkin gaba a hankali sannan a ƙara ba. A Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS, tun Afrilun 2019 doka ta tilasta cewa ƙananan baburan da ake sayarwa a can su zo da birki mai haɗe, ka taka ɗaya ya ja ɗayan, manya kuma su zo da ABS. Akasarin waɗanda muke hawa a nan, na gaba daban, na baya daban. Wannan bambancin babur ne da ya fi cc muhimmanci, ban taɓa jin an ɗaga murya a kansa a teburin shayi ba.

“Ai su ma a titi suke yi”

In ka kawo maganar haɗari, akwai amsar da ake da ita a aljihu: tseren Isle of Man TT, wanda ake yi tun 1907 a wani tsibiri tsakanin Ingila da Ayalan, a kan titin gari, tsakanin gidaje da katangu. Gaskiya ne. Zagaye ɗaya kilomita 60.7 ne, kuma a 2023 Peter Hickman ya yi shi da matsakaicin gudu na kilomita 219 a sa'a, a kan BMW ta ajin da ya fi kusa da wanda ake sayarwa a shago, ba ma ajin da aka fi yi wa gyara ba. Masu cewa mahayi ne suna son wannan labari, kuma suna da dalili.

Sai dai titin rufe shi ake yi. Ba mota, ba mai tafiya a ƙasa, ba dabba. Ga ɗaruruwan masu tuta a kan hanya, ga jirgi mai saukar ungulu da likita. Ana sakin mahayan ɗaya bayan ɗaya ne, tsakaninsu daƙiƙa 10, kuma sabon zuwa sai ya yi wata da watanni yana haddace kwanoni fiye da 200. Duk da haka, fiye da mutum 260 sun mutu a wannan hanya tun 1911, shida daga ciki a 2022 kaɗai. Waɗannan su ne ƙwararrun duniya, a titin da aka share musu. Kai kuma kana maganar titin Kano zuwa Maiduguri ranar Juma'a, ranar kasuwar Kara, tireloli cike da shanu, ga A Daidaita Sahu na juyawa ba sigina, ga yaro ya tsallako da tallan kifi.

Abin da zai fi ɓata wa masu “gwani ba ya faɗuwa” rai shi ne wani bincike na 1974 da Allan Williams da Brian O'Neill suka yi a Amurka. Sun ɗauki direbobi masu lasisin tseren mota a jihohi uku, suka kwatanta tarihin tuƙinsu na titi da na sauran direbobi masu shekaru irin nasu. Masu tseren sun fi yawan haɗari, sun fi yawan laifin gudu. Ba don ba su iya ba. Sun iya, sai suka kashe iyawar a kan ƙarin gudu maimakon ƙarin tazara. A 1981 kuma Ola Svenson ya tambayi ɗalibai a Amurka su auna kansu, kashi 93 suka ce suna cikin rabin da ya fi iya tuƙi. Je ka tashar 'yan acaɓa ka yi wannan tambaya, ka ga ko za ka samu mutum ɗaya da zai ce shi matsakaici ne.

Kuma gwanayen da ake nunawa a matsayin shaida, waɗanda suka rage ne. Samari goma suka fara ganganci tare. Bayan shekara biyar biyu na nan suna yi, ana cewa ka ga hannu. Sauran takwas ɗin ba sa teburin shayi balle a ji ta bakinsu: wani ya daina da kansa, wani na wurin mai ɗori, wani na Asibitin Ƙashi na Dala, wani an kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa. In ka ƙirga waɗanda suka tsira kaɗai, sa'a ma sai ta yi kama da baiwa.

Faɗuwa a gudun kilomita 80 daidai take da faɗowa daga tsayin mita 25, bene mai hawa takwas kenan. Márquez da ya faɗi sau biyar a Jamus ya tashi da ƙafarsa ne saboda hular kwano, da rigar fata mai jakar iska a ciki, wadda aka wajabta tun 2018, da filin tsakuwa da aka tanada don mai faɗuwa ya gangara ba tare da ya daki komai ba. Bitar Cochrane ta 2008 ta nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Mu kuwa da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta hular a Janairun 2009, a Kano har ƙwarya aka riƙa kifawa a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya. Mai kwaikwayon kwanciyar Márquez a kwana, ban ga yana kwaikwayon hularsa ba.

Ga masu kallo zalla, 2027 na tafe da abin da ya fi kusa da gwaji: injin MotoGP zai sauka daga cc 1000 zuwa 850, za a hana na'urar da ke durƙusar da babur wurin fita kwana, za a rage fukafukai, Pirelli kuma zai karɓi taya daga Michelin. Sai dai an canza abu huɗu a lokaci guda, ga mahaya na sauya gareji. Duk wanda ya ci, kowane ɓangare zai samu abin da zai riƙe.

In da gaske ana son a san wani abu a Wudil, ga gwajin da ɗalibai huɗu za su iya yi da yamma ɗaya, kuma ba tsere a ciki. A samu shimfiɗaɗɗiyar kwalta a wurin da aka rufe da izini, ba titi ba. Mahayi biyu, babur biyu, kowa da hular kwano. A ja layi da alli. Mahayi ya taho a kilomita 30 a sa'a, a tabbatar da gudun da GPS na waya tunda agogon baburan ba lallai su yi daidai ba, in tayar gaba ta taɓa layi ya tsaya iya ƙoƙarinsa, a auna da tef. Kowane mahayi ya hau kowane babur sau goma, awo 40 kenan, kuma a jefa ƙuri'a wajen jera su don kada gajiya ko zafin birki ya faɗa wa ɓangare ɗaya. Lissafi na cewa mai amfani da birki biyu yadda ya kamata zai tsaya a wajen mita 5, mai taka na baya kaɗai a wajen mita 10. Daga nan a sa wa babur ɗin da ya zo baya sabuwar tayar gaba, a ɗaure masa birki, a sake awo 40 ɗin.